Lambar Yaya Shu'aibu

Balki: Alo? Salamu alaikum!

Luka: Amin, alaikum salam. Ina wuni?

Balki: Lafiya lau. Ina gajiya? Ya Kaduna, ya ruwa?

Luka: Ruwa ya yi gyara. Ɗaga murya, layin ba kyau.

Balki: Na ce ya Anti Mariya da yara? Yaya, mura kake yi ne? Muryarka ta canja.

Luka: Hajiya, wa kike nema?

Balki: Au! Balki ce fa, ƙanwarka, daga Jidda. Ba Yaya Shu'aibu na Unguwar Dosa ba ne?

Luka: A'a. Sunana Luka, a Kurmin Mashi nake.

Balki: Luka? To me salular yayana take yi a hannunka?

Luka: Tawa ce, sabuwa fil na saya. Lambar ce aka ba ni a ofishin waya, wata biyu ke nan.

Balki: Lambar mutum sukutum a ba wani?

Luka: Ai ba ta mutum ba ce, tasu ce. In an mayar musu da layi, sai su cire lambar daga tsohuwar waya, su sa wa na gaba. A gabana injiniyan ya shigar da ita.

Balki: Yaya ba zai mayar ba. Mutumin da har kwana yake da ita a gefen filo!

Luka: Ina jin iyalinsa ne suka mayar. Satin farko ban huta ba, kowa ya bugo sai ta'aziyya...

Balki: Wace Aziza?

Luka: Ba Aziza ba, ta'azi... Wayyo. Hajiya, ba a gaya miki ba?

Balki: Gaya min me? Malam Luka, gaya min me?

Luka: Ni ban san shi ba fa. Masu bugowa ne suka ce hatsarin mota, a hanyar Zariya.

Balki: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Ƙarya ne! Wancan satin wasiƙar Anti Mariya ta zo, ta ce kowa lafiya, in kula da cikina kawai, kar in sa damuwa...

Luka: Ciki gare ki? Ya Allah! Zauna, don Allah ki zauna. Akwai wani kusa da ke?

Balki: A shagon buga waya nake. Haihuwa saura sati uku, na kira ne in ce masa in namiji ne sunansa za a sa.

Luka: Ki yafe mini, bakina ne. Faɗa min kwatancen gidan, yanzu in ɗau mota in je in ce kin ji, su neme ki.

Balki: Bayan makarantar firamare, ƙofa mai koren fenti, ka ce wa Anti... mai shagon yana cewa katin ya...

Luka: In ce mata me? Alo? Hajiya Balki? Alo!