Alƙalin da Ya Hana Saniyar Sambo Zama Mushe

Assalamu alaikum. Mai martaba Sarki, Allah ya ƙara maka imani. Masu girma alƙalai, hakimai, malamanmu, Hajiya Taibatu uwargidan marigayi, Barista Salma da ƙannenta, jama'ar Mafara, Bakura da Maradun, ina gaishe ku, ya ƙarin haƙuri.

Ni Jafaru ne, Sarkin Fawa. Ban yi boko ba, amma mahauta sun ce in tsaya in faɗi abin da Mai Shari'a Kamaluddeen Shehu ya yi mana, kuma wallahi ba zan rage komai ba.

Ya kasance mai sauraro. Ya kasance ba ya tsawa a kotu. Ya kasance in ya ɗauki doka, sai ya tambayi abin da ya sa aka yi ta.

Shekara goma sha huɗu ke nan, lokacin yana majistare, ɗan'uwanmu Sambo ya ɗauko shanu daga kasuwar Janbako. Kun san hanyar. Mota ta faɗa rami, saniya ɗaya ta karye wuya, tana shure-shure. Kowane mahauci ya san abin yi: ka yi bisimilla ka yanka kafin ta zama mushe. Sambo ya yanka a bakin hanya, ya kawo ta mayanka, likitan dabbobi ya duba ya ce lafiya lau. Sai ga sammaci! Wai doka ta ce duk wanda ya yanka dabbar sayarwa a wajen mayanka, wata shida a gidan yari, kuma a karɓe masa lasisi har abada. Sambo mai iyali tara, bai san wata sana'a ba sai fawa.

Mai gabatar da ƙara ya ce rubutu rubutu ne, ya yanka a waje, shi ke nan. Marigayi ya dubi Sambo ya ce, "Malam, me ya hana ka jira?"

Sambo ya ce, "Ranka shi daɗe, in jira mi? In kai ma Musulmi mushe?"

Mako biyu marigayi ya yi yana karanta dokar daga farko har ƙarshe. Ranar hukunci muka rufe rumfuna, muka cika kotu maƙil. Ya ce majalisa ta yi wannan doka ne don kada a ciyar da jama'a nama marar lafiya a ɓoye. Ya ce a cikin dokar nan akwai sashen da ya hana sayar da mushe, to ba zai yiwu majalisa ta hana mushe, kuma ta ɗaure wanda ya guje masa ya kai namansa gaban likita ba. Ya sallami Sambo. Allahu Akbar! Kabbarar da muka yi sai da ɗan sandan kotu ya kore mu waje.

Aka ɗaukaka ƙara, babbar kotu ta ce majistare ya yi daidai. Tun daga ranar, ƙananan kotuna wannan hukunci suke bi. Bara ma an saki wani mahauci a Bakura da shi.

Hajiya, Barista, ku share hawaye, ku ɗaga kai. Mutumin nan ya ci nasara, mu ne shaidu.

Ƙorafinmu ɗaya ne. Sau uku Sambo yana kai masa cinyar sa har gida, sau uku yana mayar da ita, ya ce alƙali ba ya cin naman shari'a. Yau Sambo, da furfurarsa, shi ya yanka bijimin sadakar nan da hannunsa. Sambo ya ce mini, "Sarki, wanga karon marigayi ba shi iya maido min."

Mun gode da zuwanku. Allah ya gafarta wa Kamaluddeen, ya yi masa hukunci da rahama kamar yadda ya yi mana, ya sa Aljanna makoma. Amin.