Ku Ba Ungozoma Akwati Na Biyu

Mai girma shugaban taro, Fasto Gende, wanda ya ara mana filin coci da bencinansa, shugabannin dangi na wannan gefen kogi da na wancan gefen, 'yar takararmu, ungozoma Mama Agata Wemin, iyaye mata da suka kwana suna feraye dankali, manoman kofi, da ku da kuka hau bishiya don kada tarihi ya wuce ba ku gan shi ba, ina gaishe ku gaisuwar da ta dace da girmanku.

Ina godiya da kuka taka ƙafa cikin wannan taɓo. A matsayina na Sakataren Jam'iyyar Gada, wadda duk dukiyarta lasifika ɗaya ce mai tari, na karanta tarihin majalisun duniya tun daga Girkawa har zuwa tamu ta Mosbi, babban birninmu, kuma na zo muku da sakamakon bincike.

Na farko, sabuwar jam'iyya ba ta shiga majalisa da akwati na ɗaya. A duwatsun nan namu, akwati na ɗaya na ɗan dangi ne, ko da kuwa ɗan dangin bai iya ɗaure igiyar alade ba. Wannan ba laifi ba ne, zumunci ne. Amma takardar zaɓe akwati uku gare ta. Idan aka zo ƙirga, wanda ya zo ƙarshe ake fara cirewa, a ɗebi ƙuri'unsa a miƙa wa wanda aka rubuta a na biyu, a sake cire wani, a sake miƙawa, har a bar mutum ɗaya tsaye. Manyan jam'iyyu suna yanka aladu don na ɗaya. Mu na biyu muke roƙo, kuma ba ma jin kunya.

Na biyu, ƙauna ta taɓa kayar da mu. A zaɓen da ya wuce, mutanen ƙauyenmu suka rubuta lambar Mama Agata a akwati na ɗaya, suka maimaita a na biyu, suka ƙara a na uku don ƙarfafawa. Hukuma ta zubar da takardun nan duka, don doka ta ce sai mutum uku daban-daban. Na je wurin gwaggona Dama na ce, "Gwaggo, me ya kai ki?" Ta tofar da jan yawun buai, goron nan namu, ta ce, "Kai ɗan nan, 'ya'yana uku ta karɓa, kowanne da akwatinsa. So kake in raba wa ɓarayi?" Na ce, "To ai yanzu ɓarayin ne a Mosbi." Ta ce, "Da duk karatunka, ina kake lokacin?" Jama'a, na bincika littattafaina, babu amsar wannan tambaya.

Na uku, kuma shi ne ya tara mu. Tun da ruwa ya tafi da gadarmu, kofi yana ruɓewa a buhu, mai naƙuda kuma a kan ƙofar ɗaki ake ɗaukar ta a ratsa kogi da ita. Ba duka ke isa asibiti ba, kuma Mama Agata ta san sunan kowace. Dalilin takararta ke nan. Ko da danginmu kaf sun rubuta daidai a wannan karo, ba mu da yawan da zai kai ta. Sai da akwati na biyu na mutanen ƙetare, mutanen Baba Kerenga Apa, waɗanda ba su ɗanɗana abincinmu ba tun ranar da aladen kakana ya shiga gonar kakansu, ya yi abin da masana ke kira cin iyaka.

Makon jiya Mama Agata ta ɗaure zanenta, ta shiga kogi ruwa har ƙirji, ta isa ƙofar Baba Kerenga tana ɗiga. Ya ce, "Tsohuwa, kin yi ɓatan kai. Ɗana ma takara yake." Ta ce, "Na sani, ni na yanke masa cibiya, kuma tun ranar bai daina ihu ba. Ka ba shi na ɗaya, ni ka ba ni na biyu." Ya ce, "Alade fa?" Ta ce, "Aladen ya mutu, kakanku ya mutu, jikarka kuma wata mai zuwa za ta haihu. A kan ƙofa za ku ɗauko ta?" Baba Kerenga ya dubi kogin nan, sannan ya ce zai zo taronmu, kuma ba zai amsa da baki ba. In ya ci daga ramin da muke gasa abincin taro, to na biyu namu ne. In ya tashi bai ci ba, kowa ya san hanyar gidansa.

Ga shi can zaune a benci na gaba, ga rami an buɗe, duwatsu suna tururi. Ni da aka sani da jawabi har faɗuwar rana, yau zan taƙaita, don dankali mai sanyi bai taɓa sasanta kowa ba. Gwaggo Dama, ki kai masa dankali a ganyen nan, da hannu biyu, kuma don Allah kada ki ce komai.

Jama'a, ku duba da kyau. Ya karɓa. Yana hurawa. Ya kai baki!

Ubangiji ya albarkaci wannan loma da wadda za ta biyo ta. Ya kiyaye hannuwanmu daga rubuta lamba ɗaya sau uku. Ya sauke jikar Baba Kerenga lafiya, ya sa ɗanta ya yi tatata a kan gada. Ya mai da kowa gidansa, na nan da na ƙetare, cikin salama.

Na gode.