Ranar da Na Jefi Yayana

Salamu alaikum Malam mai gabatarwa, Sani ne daga Kwarbai.

Ran Juma'a ni da yayana Iro, wanda kurma ne, muka hau keke zuwa bayan Kufena, inda ruwa ke zubowa daga kan dutse da damina. Yana wanka a ƙasa sai ruwan ya koma ja. Wani manomi ya ƙwala ihu: "Ambaliya ce! Fito da shi!"

Na yi ta kira, ina zai ji! Sai na jefe shi da dutse a kafaɗa. Ya biyo ni a fusace. Bai yi taku goma ba ruwa ya shafe inda yake.

Malam, a ba ni shawara. Har yau mafarki nake na jefa ban same shi ba.