Iskar Dutse Ta Mayar wa Auta da Ƙwallonsa

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da sanyi. Ni ce Inna Talatu daga Doguwa.

Autana Sagiru mai tsaron raga ne, kuma kyaftin. Kullum ina sheƙar masara ina mafarkin ranar da zan ji sunansa a akwatin rediyon nan, har in riƙa jin ihun 'yan kallo cikin ƙarar hatsi.

Rannan wani mai zaɓen 'yan wasa ya zo daga Kano don ya gan shi. Na ce, "Auta, shekara talatin ina sheƙa a gefen filin ƙwallon nan. Iska ba ta saukowa daga dutse sai bayan la'asar. In ka ci ƙuri'a, ka fara tsaron ragar bakin rafi, don bayan hutu iskar ta kasance a bayanku."

Ya yi dariya ya ce, "Inna, ƙwallo fa ba ƙaiƙayi ba ce." Da ya ci ƙuri'ar, ya zaɓi ragar gindin dutse.

Suna sauya raga kuwa iska ta sauko. Sagiru ya buga ƙwallo sama, ta tsaya kamar shirwa, sannan ta juyo a hankali. Ya miƙa hannu, amma sanyi ya sandarar da yatsunsa, ta zame cikin raga. Baƙon ya ja rigar sanyinsa ya shiga mota.

Don Allah masu sauraro, irin mutanen nan suna dawowa? In zai dawo, ni zan zaɓi raga.

Ina gaida abokan sheƙata duka.