Tsirkiya ta Uku

Mai girma shugaban wannan taro, Heldur Saarmets. 'Yan majalisar ƙauyenmu. Baƙinmu daga gidan tarihi da suka taso tun daga birnin Tartu. 'Yan ƙungiyar kiɗa da rawa. Iyaye mata da maza da kuka baro aikin ciyawa kuka cika wannan zaure: barkanku da zuwa. Ina gode wa shugaba da ya ba kafinta irina damar magana kafin a kaɗa ƙuri'a.

Maganar ɗaya ce. Kannel ɗin marigayi Mihkel, abin kiɗan nan na katako mai tsirkiya shida, wanda ya bar wa ƙauyen nan, ko dai ya tafi gidan tarihi ranar Litinin ya kwanta cikin gilashi, ko ya zauna a hannun 'yarsa, Goggo Salme, a ci gaba da kaɗa shi.

Na farko, zan faɗi laifina. Bara aka kawo mini kannel ɗin nan in gyara. Na liƙe tsagar katakonsa, na sa sababbin tsirkiyoyi, na ɗauko wayata mai manhajar awon sauti na daidaita su ɗaya bayan ɗaya har ta nuna mini kore. Na kai wa Goggo Salme ina jiran yabo. Ta kaɗa sau ɗaya, ta dube ni ta ce, "Kalju, wa ya toshe masa hanci?"

Na ce, "Goggo, waya ta ce daidai ne."

Ta ce, "To wayar ta tashi ta yi maka rawa mana, ɗan nema!"

Sai ta sassauta tsirkiya ta uku kaɗan, kaɗan ƙwarai, abin da duk malamin kiɗa zai kira kuskure. Da ta sake kaɗawa, na ji kiɗan da iyayena suke rawa da shi a bukukuwa ina yaro, wanda na shekara arba'in ina nema a takardu ban same shi ba. Kunya ta kama ni, ba zan ɓoye muku ba.

Na biyu, baƙinmu suna da gaskiyarsu. Katakon ya haura shekara ɗari, gidan Goggo da danshi, kuma hannu yana cin kaya. A cikin gilashi zai daɗe fiye da mu duka. Amma abin da Goggo take yi wa tsirkiyar nan ba a rubuce yake ba, ba a cikin katakon yake ba, kuma ni da na gwada sau hamsin a gabanta, sau biyu kacal ta gyaɗa kai.

Na uku, in kun zaɓi ya zauna, ku san abin da kuka ɗauka. Sai an sami masu zuwa gidanta kowace Alhamis, ko da ƙanƙara ta rufe hanya, su zauna su murɗa tsirkiyar, ta ce a'a, su sake murɗawa. Zuwa yanzu mutum biyu ne suka ba da suna, ɗayansu kuma ni ne.

Ga ta nan a layin gaba, shekararta casa'in da ɗaya. Kun ga tana murmushi, amma ba ta ji ko kalma ɗaya daga jawabin nan ba, domin kunnenta ya tafi tun watan Maris. Yanzu haɓarta take ɗorawa a kan katakon, ta ji tsirkiyar a ƙashinta. Ta gwada da sabon kannel da na sassaƙa mata, ta ce ba ta jin komai. A na mahaifinta kaɗai take ji.

Allah ya ba mu ikon zaɓen abin da ba za mu yi nadamarsa ba, Allah ya ƙara wa Goggo kwana, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.