Lemon Kwalba a Ɓoye

A tashar mota wani dattijo yana ta kwankwaɗar lemon kwalba, wata mata na zaune gefensa.

"Baba, sha a hankali mana, ba mai ƙwace maka."

"Akwai, 'yar nan! Autata. Tunda aka gwada su a sakandare kan sanin abinci mai gina jiki ta zo ta ɗaya, ta kori sukari daga gidana. Sai na fito nake sha. In na kama malamar da ta shirya gwajin nan..."

"Ga ta a gefenka."

Ya tura kwalbar bayan ƙafarsa.

"Malama, rufa mini asiri, kar yarinyar ta ji."

"Na rufa. Amma matso ka kare ni, ga ɗalibaina can."

Ta zaro tata kwalbar daga jaka.