Kifi Ma Yana Jin Sanyi

A rumfar mai barguna na tsinci zancen nan, tsakanin wata tsohuwa da wani magidanci da ya rungumo barguna har shida.

"Ɗana, 'ya'ya nawa Allah ya ba ka haka?"

"Ba na yara ba ne, Iya. Akwatunan kifina zan lulluɓe."

"Kifi? Wanda aka haifa cikin ruwa ne zai ji sanyi?"

"Sosai ma. Kifin ado nake kiwo a akwatunan gilashi, ɗaki guda. Matan sun cika da ƙwai, amma muddin ruwan da sanyi ba za su zuba ba. In makon nan ya wuce, na yi asararsu."

"Ikon Allah! To ka zuba musu ruwan zafi mana."

"Ai sai su mutu. Ɗakin ake ɗumamawa, ruwan ya ɗauka a hankali. Na toshe tagogi, na kai musu hitar da ke ɗumama ɗakinmu."

"Ta ɗakinku? Ita mai ɗakin me ta ce?"

Ya sosa ƙeya.

"Katifarta ta ja, ta koma wajen kifin."

"Kai fa?"

"Ni ta hana ni shiga. Wai minsharina yana firgita masu ƙwai."